Wa Zai Ba Shi Ruwa In Mun Tafi Hutu?

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, akwai wata magana da na daɗe ina juyawa a zuciya, yau na ga ya kamata in fito da ita fili, ko Allah ya sa ta amfani wani. Maganar kuwa ta shuke-shuken da mu ke ƙawata filin makaranta da bayan gida da su ce. Kowane ɗayanmu in ya gama karatu za a tura shi wata makaranta, a ba shi ɗaki da ɗan fili a bayansa. Ran nan zai tsaya ya ce, me zan dasa? Ni a ganina, kafin mutum ya nemi abin da ya fi kyaun gani, ya fara tambayar kansa, wa zai ba abin nan ruwa in an tafi hutu?

Ba da ka na ke faɗin wannan ba, sai da na ɗanɗana. Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar ƙauye, na tarar da gaban aji fayau, ba ko tsinke. Sai ƙuruciya ta ɗebe ni, na samo irin furannin lambun Turawa da ciyawar nan mai laushi da a ke shimfiɗawa kamar darduma, na sa yara suka yi kunyoyi, muka shuka. Da damina abin gwanin ban sha'awa, kowa ya zo wucewa sai ya tsaya kallo. Da ruwa ya ɗauke sai aiki ya tashi. Safe da maraice yara na jere da garewani tsakanin rijiya da aji, har ban ruwa ya fara cin lokacin lissafi. Rijiyar kuwa ita ce ta unguwa duka. Wata rana wata tsohuwa ta tare ni a bakinta, ta ce, "Malam, ruwan da mu ke jira tun asuba, shi ka ke ba ciyawar da ko akuya ba ka bari ta ci?" Na rasa abin da zan ce mata. Aka yi hutu, muka komo, ban tarar da kome ba sai ƙura. Amma zogalen da ke bayan ɗakin mai gadi, wanda ba a taɓa zuba masa ko moɗa guda ba, yana nan tsaye abinsa. Ran nan na yarda kayan aro ba ya rufe katara.

To, tun da mu mutanen jarrabawa ne, bari in ce duk abin da za a dasa a ƙasarmu sai ya ci jarrabawa huɗu. Ta fari ita ce rani. A ƙasar Kano da Katsina ruwan kirki wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba, sa'an nan hunturu ya zo da busasshiyar iska, bazara ta biyo da zafinta. Ta biyu akuya, wadda ba ta san dokar makaranta ba. Ta uku gara, mai cin saiwa da ɓawon dashen da ya raunana. Ta huɗu kuwa, wadda mu kan manta da ita, ita ce canjin wurin aiki. Malami ba shi da tabbacin shekara nawa zai yi a gari ɗaya, kuma wanda zai gaje shi watakila ba ruwansa da lambu. Duk shukar da rayuwarta ta rataya ga mutum guda, ran da ya ɗaure kayansa ta mutu.

Waɗanda suka ci jarrabawan nan ba su da wuyar samu, galibinsu muna wuce su kullum. Ga zogale, a shuka ƙwayarsa ko a kafa reshensa, cikin shekara guda ya fi mutum tsawo. In ana sare kansa daidai ƙirji sai ya yi rassa, ganye ya zo inda hannu ke kai wa, a yi kwaɗo, a yi miya. Ga lalle, wanda in an jera shi ya kan zama shinge, furensa ya cika gida da ƙanshi da maraice, ganyensa kuma kuɗi ne a kasuwa. Dashi da cediya ba su bukatar iri, reshe a ke sarowa a kafa, na fari don shinge, ta biyu don inuwa. Kurna da magarya da aduwa sun saba da fari tun kaka da kakanni, ga 'ya'ya yara na tsinta. Tsamiya tana da nawa wajen girma, mai dasa ta don na baya ya ke yi, amma in ta kafu ta wuce a yi mata hidima.

Na san wani zai ce, "Kai dai ƙin abin baƙi ka ke yi." Ko kaɗan ba haka ba ne. Ku dubi dogon yaro, wanda waɗansu ke kira darbejiya, waɗansu maina. Asalinsa ƙasar Hindu ne, watau Indiya. Daga can aka kai shi Gana, wadda a ke kira Gwalkwas a lokacin, daga nan aka kawo shi Barno cikin 1928. Yau wane gari ne a Arewa ba ya shan inuwarsa? Baƙo ne, amma ya zauna jarrabawa ya ci. Ba ya zubar da ganye duka da bazara, sa'ad da a ke matuƙar bukatar inuwa, gara kuma ba ta cika damun katakonsa ba. Ga kuma wani baƙon, itacen turare, mutumin Ostiraliya. Shi ma yana da saurin girma, amma mashayin ruwa ne, ba safai wani abu ke yin kirki a gindinsa ba, saboda haka ba a kusa da rijiya ko lambu ya kamata a sa shi ba. Ashe ba asali a ke tambaya ba, hali a ke dubawa.

Wani kuma zai ce, "To, ina kyaun gani? Makaranta ba gona ba ce." Gaskiya ne ido na da hakkinsa. Amma in tambaye ku, wanne ya fi kyau ranar tsakiyar Afrilu, filin da aka share tas da inuwa mai sanyi da shingen lalle kore, ko kuwa kunyoyin matattun furanni da aka kewaye da farin dutse? Wanda ya matsa sai ya ga ja da ruwan hoda, akwai wani fure mai ƙaya mai hawan bango, wanda Turawa ke kira bogenbiliya, asalinsa Amurka ta Kudu. In ya kama ƙasa ba ya son ruwa da yawa, har ma ya fi yin fure da rani. Gindi ɗaya a ƙofar ofis ya isa.

Magana ta uku ita ta fi nauyi, na kuwa ji ta daga bakin manya. Su kan ce aikin lambu horo ne, yaron da ke ɗaukar garwa yana koyon juriya, neman sauƙi kuwa lalaci ne. Na yarda da rabin wannan. Aiki horo ne in yaro ya ga amfaninsa. Amma yaron da ya yi wata biyar yana ban ruwa, ya komo daga hutu ya tarar da kome ya bushe, abin da ya koya shi ne wahala ba ta da riba. Wannan kuwa mugun darasi ne.

Kada kuma a ɗauka akwai itacen da ba ya son kulawa sam. Jariri ne, sai an goya shi shekara ɗaya ko biyu. A haƙa rami tun kafin ruwa ya sauka, zurfin kamu guda, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, gama ɗanyen taki gara ya ke kira. Kada a dasa da ruwan fari, a bari damina ta zauna, wajen Yuli. A kewaye shi da ƙaya ko kwando saboda awaki. Da rani a binne tsohon tulu mai ɗan tsagu kusa da gindinsa, a riƙa cika shi, ruwa na tsattsafowa a hankali zuwa saiwa, amma a rufe bakinsa don kada sauro ya yi ƙwai. Dogon yaro da cediya a nisanta su da bango da rijiya kamar taki goma, don saiwarsu na da ƙarfi. Bini da zugu kuwa, ko da ya ke yana shinge mai kyau, ban so a sa shi inda ƙananan yara ke wasa, gama ƙwayarsa guba ce.

Akwai ma abin da ya fi wannan sauƙi. A ƙasar Maradi an daɗe ana rarraba dashe daga gandun reno, galibi yana mutuwa. Cikin 1983 wani Bature mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na can ƙasa. Manoma suka shiga barin reshe kaɗan masu ƙarfi, suna datse sauran. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka tashi a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a ƙasar Nijar, ba tare da garwa ko ɗaya ba. Saboda haka in ka sauka sabuwar makaranta, kafin ka aika a sayo maka iri, zaga filin tukuna. Watakila gawo ko kalgo ko magarya na nan ƙarƙashin ƙafarka, jira kawai su ke a daina sare su.

Tun muna makarantar allo malamanmu suka sanar da mu cewa mai dasa itace yana da lada muddin mutum ko dabba ko tsuntsu na ci daga gare shi. Ladan nan kuwa ba ya gudana daga abin da ya mutu hutun farko. Mu dasa abin da zai rayu bayanmu, don in an canja mu, yaran da ba mu taɓa gani ba su yi karatu a inuwarsa. Wanda ya ga kuskure a maganata, ga shafi nan, ya gyara mini. Allah ya sa mu dace, amin.