Wasan Gem: Daga Suwidin Zuwa Ɗakin Kwamfutarmu



Tun da aka dawo hutu musu ɗaya ake yi a ajinmu na JSS 2, har ta kai ranar Talata monita ya rubuta mutum bakwai a cikin masu surutu. Musun a kan yayan wani ɗan ajinmu ne da yake karatun jami'a a ƙasar Suwidin. Ya zo gida hutu, muka je gaishe shi, sai ya nuna mana hotunan wani babban bikin wasan gem da ya taɓa zuwa mai suna DreamHack. Har gasa ya shiga a ciki. Shi ba ƙwararre ba ne, babu ƙungiyar da take biyansa albashi, da ɗan kuɗin da ya tara ya sayi tikiti. An cire shi a zagaye na biyu, ko sisi bai samo ba.

Rabin aji sun ce ya yi asara, gara ya aiko wa mahaifiyarsa kuɗin. Ɗaya rabin kuma tun ranar suka daina cewa za su zama likitoci, wai gem za su buga su yi arziki. Mu 'yan kulob ɗin jarida mun zauna mun tattauna, kuma ba mu tare da kowane ɓangare.

Ga yadda Yaya ya ba mu labari. Mutum da kwamfutarsa yake zuwa. Shi a jirgin ƙasa ya ɗauko tasa cikin akwati, ya naɗe allon da bargo don kada ya fashe, har birnin Jönköping inda aka yi shekaru ana bikin. Kowa ana ba shi kujera da ɗan wuri a dogon tebur, da soket, da wayar da za ta haɗa kwamfutarsa da ta sauran mutanen zauren. Dubban mutane ne a jere, dare da rana ba a tsayawa, wanda barci ya kama sai ya tafi wani zaure daban ya shimfiɗa a ƙasa. Ba a yarda da giya ko ƙwaya a wurin ba. Ya ce a kwanakin nan ko sau ɗaya ba a ɗauke wuta ba, nan muka yi dariya har da mai faɗuwa daga kan benci.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne asalin bikin. Ba wani attajiri ne ya fara shi ba. Wasu abokai ne 'yan makaranta a wani ƙaramin gari mai suna Malung suke haɗuwa da kwamfutocinsu a ginin makaranta. A 1994 suka koma ɗakin cin abinci na makarantar, aka raɗa wa taron suna DreamHack. Daga nan ya yi ta girma har ya shiga kundin Guinness a matsayin taro mafi girma a duniya na masu haɗa kwamfutoci a wuri guda. Mun tabbata sai da wani babba ya yarda ya ba yaran nan mabuɗi kafin duk wannan ya faru.

Yanzu bari mu juyo kan 'yan ajinmu masu cewa za su bar boko. Kullum labarin Bugha suke kawowa, yaron nan ɗan Amurka mai shekara 16 da ya ci dala miliyan 3 a gasar duniya ta Fortnite a birnin New York a 2019. Gaskiya ne ya ci. Amma mutum wajen miliyan 40 ne suka shiga zagayen share fage, mutum 100 kawai suka kai wasan ƙarshe na 'yan ɗai-ɗai. Wanda ya iya lissafi ya raba ya gani. Kuma a yankunan da aka ware don share fagen babu Afirka. Suna kuma kawo gasar duniya da aka yi a Riyad ta Saudiyya a 2024, wadda kyaututtukanta suka haura dala miliyan 60. To, waɗanda suka raba kuɗin nan manyan ƙungiyoyi ne masu koci da albashi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ɗan shekara 13 ko fasfo ba zai samu ba sai da takardar yardar iyayensa, ga biza, ga kuɗin jirgi. Shi kansa Yaya ai ba gem ne ya kai shi Suwidin ba, sakamakon jarrabawarsa ne ya kai shi.

Su kuma masu cewa ya yi asara, mun yi masa tambayar kai tsaye. Muka ce, “Yaya, ba ka ji haushi ba?” Ya ce ya ji mana, amma ranar ce ya fara sanin matsayinsa na gaskiya. Ya yi mana bayani cewa idan kana bugawa ta intanet daga nan, duk maɓallin da ka danna sai saƙon ya tafi wata babbar kwamfuta da take riƙe da wasan, wadda sau da yawa tana Turai. Sai ya bi wayar da ke ƙarƙashin teku daga Legas ya je ya dawo. Ɗan Jamus kuwa tana kusa da shi, don haka yakan riga ka ko da kun danna tare. Shi ya sa duk wanda aka ci a unguwarmu sai ya ce netwok ne. A zauren can kowa yana kan waya ɗaya, babu wannan uzurin. Wanda ya cire shi ya fi shi iyawa ne kawai, kuma bayan wasan ya taso ya ba shi hannu, ya zauna ya nuna masa inda yake kuskure. Mu dai ba mu ga asara a nan ba.

Malamanmu suna da gaskiya a wani wuri, ba za mu ɓoye ba. Mun san 'yan ajinmu da suke kwana a kan wayar yayyensu su zo suna gyangyaɗi a darasin farko. Mun san masu kai kuɗin tara gidan gem su wuni da yunwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya jarabar wasan gem a jerin cututtuka a 2019. Sai dai an daɗe ana ƙwace waya ana yin bulala, kuma gidan gem bai rage cika ba. Wasan ya koma inda babu idon malami, inda manyan samari suke sa kuɗi suna caca, suna ashar a gaban yara. Kuma 'yan mata ba sa iya shiga irin wuraren, alhali a ajinmu akwai wadda take cin yayyenta maza a wasan ƙwallo na waya.

Don haka ga roƙonmu ga shugaban makaranta da malamin kwamfuta. A ba mu ɗakin kwamfuta awa ɗaya ranar Alhamis bayan an tashi, malami yana zaune. Ba ma buƙatar data, domin idan aka haɗa kwamfutocin da waya za su yi magana da juna ba tare da intanet ba, kuma muna so a koya mana haɗawar da hannunmu, tunda tana cikin abin da muke rubutawa a littafi ba mu taɓa gani ba. Wasan ƙwallo da dara sun ishe mu, ban da na harbe-harbe. Ba a sa kuɗi. Wanda bai yi aikin gida ba, ko ya faɗi gwajin wata, ba zai zauna ba sai ya gyara. Mata su samu nasu layin kwamfutocin. A ƙarshen zango a yi gasa tsakanin azuzuwa, mu kuma mu liƙa sakamakon a wannan allo.

An ce mana matsalar ita ce man janareto. Mun yi magana a kulob, in an yarda za mu riƙa yin karo-karo, kuma za mu share ɗakin kafin mu fita. Mun liƙa farar takarda a ƙasan wannan rubutu. Duk mai goyon baya ya rubuta sunansa da ajinsa kafin ranar Laraba, da biro don Allah, ba fensir ba, domin ranar Alhamis da safe za mu kai ta ofis.