Kwaɗin Moustapha Alassane da Giɓin da ke Cikin Nazarin Fim na Hausa

Idan aka zo ba da tarihin fim a ƙasar Hausa, akasarin manazartanmu sukan fara ne daga majigin zamanin Turawa, su ratsa ta kan Shaihu Umar na Adamu Halilu a 1976, sannan su sauka kan Turmin Danya na 1990. Wannan jeri yana da amfani, amma ya tsaya a kan iyakar Nijeriya, alhali ƙasar Hausa ba ta tsaya nan ba. Ra'ayina shi ne, wannan ɗabi'a ta sa mun yi sakaci da Moustapha Alassane, mutumin Nijar da ake lissafawa cikin waɗanda suka fara yin zane mai motsi a Afirka, wanda kuma ya yi shekarunsa na ƙarshe yana aiki a Tawa, cikin Adar.

An haifi Alassane a N'Dounga, kusa da Yamai, a 1942. Ya taɓa sana'ar kanikanci kafin ya shiga harkar fim a cibiyar bincike ta Yamai, inda ya haɗu da Jean Rouch. Daga baya ya tafi Kanada, ya ƙaro sani a wurin Norman McLaren. A 1965 ya fitar da La Mort de Gandji, a 1966 kuma Bon Voyage Sim, gajeren fim na 'yan mintuna wanda a cikinsa shugaban wata jamhuriyar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki ƙasar maƙwabta. Aka yi masa fareti, aka jera dogarai, aka cika duk wata ƙa'idar tarbar manya, ba tare da an ga abin da talakan kwaɗo ya amfana da shi ba. Nijar tana da shekara shida kacal da samun 'yancin kai a lokacin. Ya jagoranci sashen fim na Jami'ar Yamai na tsawon shekaru, ya kuma rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015.

Duk ɗalibin adabin baka zai gane dabarar da ke cikin wannan fim. Bahaushe ya daɗe yana sanya wa dabba rawani domin ya faɗa wa mai mulki abin da ba a iya faɗa masa ido da ido. Zaki sarki ne, kura mai haɗama ce, Gizo kuwa maƙiyin wahala ne mai cin gumin wani. Haka 'yan kama suke kwaikwayon malamai, haka yara suke kwaikwayon manya a wasan tashe, a yi dariya, saƙo ya isa, ba wanda ya riƙe wani a zuci. Abin da Alassane ya yi shi ne ɗauke wannan lasisin habaici daga dandali ya ɗora shi a kan majigi. A fim ɗinsa na Kokoa, wanda sunansa ma kalmar Hausa ce, 'yan tsana masu siffar dabbobi ne suke kokawa a fili, ga makaɗa, ga 'yan kallo, kamar yadda ake yi a Nijar har gobe.

Za a iya cewa sunayen mafi yawan finafinansa na Faransanci ne, wasu kuma ba su da magana sosai, don haka ba su shiga hurumin sashen Hausa ba. Wannan hujja ba ta gamsar da ni ba. Sassanmu sun daɗe suna nazarin al'ada tare da harshe da adabi, kuma mun karɓi finafinan Indiya da aka juya zuwa Hausa a matsayin abin rubuta kundi. Idan aka yarda a yi nazarin labarin Mumbai saboda an ɗora masa muryar Bahaushe, da wace hujja za a ƙi aikin da aka gina kan kokawa da tatsuniya, wanda mai shi ya zauna a Tawa yana horar da matasa? Gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke birnin New York ya shirya baje kolin finafinansa a 2017. Bai kamata a ce an fi saninsa a Amurka fiye da Katsina ba, alhali Katsina da Nijar iyaka ɗaya suke.

Batun ya wuce cike gurbi a manhaja. A yankinmu na Ƙetare da sauran garuruwan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, rashin tsaro ya rage hirar dare a dandali, musamman tun bayan sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020. Yaron da a da kakarsa ke yi wa tatsuniya a ƙofar gida, yau yana cikin ɗaki da wayar yayansa, yana kallon kyanwa da ɓeran Tom and Jerry. Ba laifi ba ne ya kalla. Amma wannan dariya ba ta koya masa karin magana, ba ta nuna masa yadda ake yi wa babba gyara cikin ladabi. Aikin Adamu Waziri na Bino and Fino, wanda ya fara fita a 2010, ya nuna ana iya yin zane mai motsi a Nijeriya domin yaran Afirka. Abin da ya yi ƙaranci shi ne irin na barkwanci da zambo, wanda babba da yaro za su zauna su kalla tare.

Saboda haka nake kira ga sassan Hausa da su sanya Alassane cikin darasin wasan kwaikwayo da fim, su nemi haɗin gwiwa da takwarorinsu na Yamai da Maraɗi da Tawa domin samun finafinan da fassara abin da aka rubuta a kansa da Faransanci. Ɗaliban digiri na biyu da na uku kuma su kwatanta kwaɗinsa da Gizon tatsuniya, su duba abin da ya ɗauka da abin da ya sauya. Matashin da ke koyon zane a kwamfuta a Katsina ko Funtuwa yana da haƙƙin ya san cewa wani ya riga shi bin wannan hanya tun 1965, da kayan aikin da ba su kai nasa ba.