Wutar Anu Araran: wa za a fara ba?

Tun 1981 tashar kwal ta SONICHAR da ke Anu Araran ke ba Arlit wuta, amma don haƙar uranium aka gina ta, gari raɓawa ya yi. An rufe COMINAK a 2021, gwamnati ta karɓe SOMAIR a 2025. To yanzu, in wuta ta yi ƙaranci, wa za a fara ba? Kamfani na son injinansa su juya, NIGELEC na son a biya ta kuɗinta. Mu kuwa, famfon ruwa da firjin allurar asibiti kada su tsaya lokacin bazara. A ganinmu, kafin a sa hannu kan sabon tsarin rabo, a zauna da masu walda da matan Akokan masu sayar da ƙanƙara.