Katifar Soso Mai Sunan Tsiro: A Duba Kafin A Kwanta

A 'yan shekarun nan wani sabon salon talla ya shigo cinikin katifa. Daga Amurka da ƙasashen Turai ya faro, ga shi kuma yana biyo kayan da ake shigowa da su, da tallan da ake yi ta intanet, zuwa garuruwan da muke zaune. Sai a naɗe katifa cikin leda, a manna mata hoton koren ganye, a rubuta cewa da tsiro aka yi ta, watau da man waken soya, ko man zurma, ko manja, sa'an nan a ɗora mata kuɗin da ya ɗara na sauran katifu. Mai talla kuwa zai tabbatar maka cewa wannan katifa ba ta cutar da jiki, ba ta kuma ɓata ƙasa.

Wannan batu ya shafi 'yan'uwanmu mazauna Ikko, da Badun, da Shagamu, da Anacha, da Aba, da Fatakwal ta hanyoyi uku. Da fari, ɗan Adam yakan kwashe kusan sulusin rayuwarsa a kan shimfiɗa. Na biyu, katifa tana cikin manyan kayan da mutumin da ya fito neman arziki yake tara kuɗi ya saya, ko don ɗakinsa, ko don ya ɗora a mota zuwa gida idan auren 'yarsa ko ƙanwarsa ya taso. Na uku, akwai 'ya'yanmu da ke aikin ƙarfi a masana'antun soso da rumfunan masu yankansa. Saboda haka ya zama wajibi mu warware wa jama'a zare da abawa, don kada a yi cinikin biri a sama.

Bari mu fara da asalin soson kansa. A shekarar 1937 ne wani masani Bajamushe mai suna Otto Bayer, shi da abokan aikinsa, suka gano haɗin da ake kira poliyuritan, wanda daga baya aka riƙa yin soson katifa da na kujera da shi. Manyan sinadarai biyu ake gaurayawa. Ɗaya ana ce da shi poliyol, ɗayan kuma aisosayanet, wanda irin da aka fi amfani da shi wajen katifa ake taƙaita sunansa da TDI. Idan aka haɗa su aka ƙara ruwa kaɗan, sai haɗin ya kumbura kamar ƙullin da aka sa wa yisti, ya daskare, a yanka shi gwargwadon faɗin gado. Dukkan sinadaran nan biyu daga man fetur ake samo su. A ƙasar nan an kafa kamfanin Vitafoam a 1962, wasu kamfanoni suka biyo baya, kafin a ankara katifar soso ta kori ta auduga da ta rimi daga ɗakunan amare.

To, ina tsiron ya shigo? Masana sun gano cewa ana iya sarrafa man waken soya ko na zurma ko manja ya maye gurbin wani ɓangare na poliyol. Kamfanin motoci na Ford ya fara sa irin wannan soso a kujerun motarsa Mustang ƙirar 2008, masu katifa su ma suka ɗauka. Amma ga inda gizo ke saƙa. Ɓangare ne kawai na poliyol ake maye gurbinsa, galibi ma ƙaramin ɓangare, domin idan man tsiron ya yi yawa soson yakan rasa laushi da juriyar da ake bukata. Shi kuwa aisosayanet yana nan yadda yake, na fetur. Idan aka yi lissafi, mafi yawan nauyin katifar da ake kira ta tsiro daga rijiyar mai ya fito. Wanda ya zuba cokalin zuma cikin tulun ruwa, ya ce zuma yake sayarwa, ai ya san bai faɗi gaskiya ba.

Hukumomin ƙasar da abin ya samo asali ma sun lura da wannan. A 2013 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta taka wa kamfanonin katifa uku burki, saboda sun yi da'awar cewa katifunsu ba sa fitar da tururin sinadari, alhali ba su da hujja. A 2017 kuma ta tuhumi wani kamfanin katifun jarirai na Jihar Illinois da ke cewa sosonsa na tsiro ne, ta ce tsiron da ke ciki kaɗan ne ƙwarai, ko ma babu. In har aka yi haka a inda ake sa ido, ina ga inda kaya ke shigowa ba mai tambaya?

Adalci ya sa mu faɗa cewa dabarar tana da nata amfanin. Duk abin da ya rage dogaro da fetur, komai ƙanƙantarsa, ci gaba ne. Zurma kuwa ba abinci ba ce, tana kuma yi a ƙasarmu, don haka idan masana'antu suka nemi manta manomi zai samu kasuwa. Abin da muke ja da shi shi ne a mai da ɗan wannan ci gaba ya zama hujjar cewa katifar ta kuɓuta daga duk illolin soso. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Mu duba fannin lafiya. Kowa ya san warin sabuwar katifa. Tururin ragowar sinadarai ne da gam ke fita daga jikinta, ya fi ƙarfi a kwanakin farko, sa'an nan ya riƙa raguwa. Ga yawancin mutane ba ya wuce damuwa, amma mai asma, da jariri, da tsoho, yana iya sa musu tari, ko ciwon kai, ko ƙaiƙayin ido, musamman a ƙaramin ɗaki mai taga ɗaya. Katifa mai sunan tsiro ita ma tana wannan wari, tun da hanyar yin su ɗaya ce.

Wanda ya fi shiga hatsari shi ne ma'aikaci. Likitoci sun daɗe da sanin cewa shaƙar tururin TDI yana cikin manyan abubuwan da ke jawo asma ta wurin aiki, kuma wanda jikinsa ya riga ya ƙi sinadarin, ko ɗan kaɗan ya shaƙa sai ƙirjinsa ya toshe. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta wajabta, tun daga watan Agusta 2023, cewa sai an horar da ma'aikaci kafin ya taɓa irin waɗannan sinadarai. Yaron da ya baro ƙauyensu, ya samu aikin yini a gaban injin soso, ba takunkumi, ba safar hannu, hoton koren ganye a jikin leda bai tsare masa huhu ba.

Sai kuma wuta, wadda ita ce babbar barazana. Soso yana kamawa nan da nan, yana narkewa yana ɗiga, yana fitar da baƙin hayaƙi mai ɗauke da iskar kabon monoksaid da gubar sayanaid, waɗanda kan kashe mutum tun harshen wuta bai kai gare shi ba. A watan Mayu 1979 gobara ta tashi a kantin Woolworths na birnin Mancesta a Ingila, ta kama kujerun soso, mutum 10 suka rasu, yawancinsu hayaƙi ne ya yi ajalinsu. Wannan bala'i yana cikin abubuwan da suka sa Ingila ta kafa doka mai tsanani a 1988 game da soson kayan ɗaki. Soson da aka sa wa man soya yana ci da wuta kamar ɗan'uwansa. Mu tuna yadda da yawa daga cikinmu suke kwana: mutum biyar ko shida a ɗaki guda, ga risho a lungu, ga kyandir idan an ɗauke wuta, ga maganin sauro na kunnawa a gefen shimfiɗa, ga ƙarfe an gitta a taga saboda ɓarayi.

Wasu ƙasashe sun nemi maganin wannan ta hanyar zuba wa soso sinadaran hana kama wuta, sai aka gudu ba a tsira ba. An gano cewa wasu daga cikinsu suna fita su gauraya da ƙurar ɗaki, su taru a jikin mutum, har a nonon uwa. A 2009 aka sa ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira PentaBDE, a jerin sinadaran da yarjejeniyar Stockholm ta haramta. Wannan gargaɗi ne ga masu sayen tsofaffin katifu da kujeru na gwanjo da ake shigowa da su daga waje, waɗanda ba wanda ya san shekarar da aka yi su.

Idan muka koma ga muhalli, tambayar farko ita ce, ina katifa take zuwa bayan ta mutu? Soso ba ya ruɓewa kamar kara ko ganye, kuma ɗan man tsiron da aka sa masa bai canza wannan hali ba, domin ya riga ya zama jiki ɗaya da sauran sinadaran. Wasu tsofaffin katifu masu kujera suna yayyanka su, wannan kuwa abin yabo ne. Sauran sukan ƙare a kwata su toshe hanyar ruwa, ko a kan juji, ko a banka musu wuta a bayan gida, unguwa ta shaƙi guba. Mazauna Ojota da Ketu ba su manta da gobarar jujin Olusosun ta watan Maris 2018 ba, lokacin da hayaƙi ya rufe unguwanni kwana da kwanaki.

Tambaya ta biyu, ina ake noma tsiron? Noman waken soya yana cikin dalilan share dazuzzuka a Brazil, kamar yadda noman kwakwar manja ya cinye manyan dazuzzuka a Indonesiya da Malesiya. A wurinmu kuwa manja da waken soya abinci ne, kowace uwargida ta san kuɗinsu a kasuwa. Kafin a ce katifa ta kyautata wa ƙasa, sai an san gonar da man ya fito, da abin da aka sare kafin a shuka.

Shin akwai katifar tsiro ta gaskiya? Akwai. Ta farko ita ce ta ruwan bishiyar roba, wadda kamfanin Dunlop ya gano hanyar yin sosonta a Ingila a 1929. Bishiyar tana nan a jihohin Edo, da Delta, da Ondo, da Kuros Riba, akwai kuma cibiyar binciken roba ta ƙasa a Iyanomo kusa da Binin. Wannan katifa tana da ƙarko, sai dai tana da nauyi da tsada, sau da yawa ana gauraya ta da robar fetur, akwai kuma waɗanda jikinsu ba ya shiri da ruwan roba. Ta biyu ita ce tamu ta gado, katifar audugar rimi. Ba ta da nauyi, ba ta warin sinadari, idan ta dunƙule a farke a sake shiƙa ta, idan ta ƙare ta koma ƙasa. Ita ma tana da nata aibin, domin audugar rimi tana kama wuta da sauri, tana tara ƙura, tana kuma son shanya a rana, abin da ke da wuya a daminar Kudu. Duk da haka abin takaici ne a ce muna biyan kuɗi masu yawa saboda sunan tsiro, alhali rimayen garuruwanmu ana sare su ba a dasa wasu.

Don haka muna kira ga Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Ƙasa, watau SON, da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, da su wajabta wa duk mai sayar da katifa da sunan tsiro ya rubuta a jikinta kashi nawa cikin ɗari na nauyinta ne tsiron, da sunan tsiron, da ko an zuba mata sinadarin hana kama wuta. Wanda ya kasa kawo hujja a hana shi amfani da sunan. Muna kira ga Ma'aikatar Ƙwadago da hukumar NESREA da su riƙa leƙa masana'antun soso, manya da ƙanana, su tabbatar akwai mafitar iska da kayan kariya. Gwamnatin Jihar Legas ta haramta kwanukan abinci na farin soso a watan Janairu 2024. Ya kamata ita da sauran jihohi su tanadi wurin karɓar tsofaffin katifu, masu ƙera su kuma su ɗauki wani kaso na ɗawainiyar. Doka tana aiki idan an yi niyya, domin yarjejeniyar Montreal ta 1987 ce ta raba masana'antun soso na duniya da iskar CFC mai huda rufin sararin sama.

Muna kuma roƙon sarakunan Hausawa, da limamai, da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa a Sabo da Agege da Idi-Araba da sauran zangonni, su isar da wannan saƙo ga waɗanda ba sa karatu. Wanda ya sayi sabuwar katifa, ya cire ledar, ya jingine ta a inuwa mai iska na 'yan kwanaki kafin a kwanta a kai. A nisanta risho da kyandir da maganin sauro daga shimfiɗa, kada kuma a sha taba a kan gado. Kada a kwantar da jariri rubda-ciki a kan soso mai laushi, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri. Kada a ƙona tsohuwar katifa. Ma'aikacin da ya ga tari da toshewar ƙirji suna taso masa a ranakun aiki, suna lafawa idan ya huta, ya hanzarta zuwa asibiti, ya gaya wa likita irin aikin da yake yi.

Kuɗin da baƙo ya tara a Kudu gumi ne, rana da ruwan sama suka dake shi kafin ya same su. Bai kamata ya ƙara ko kwabo a kan hoton ganye ba sai mai kanti ya nuna masa a rubuce abin da ke cikin katifar. In kunne ya ji, jiki ya tsira.