DIGIRIN JERE: RADDI GA MASU DARIYA

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, a makarantar sakandaren da muke koyarwa a nan ƙasar Shinkafi, mun sa ɗaliban ajin ƙarshe kowa ya rubuta abin da yake so ya karanta in Allah ya kai shi jami'a. Amsoshin dai su ne waɗanda aka saba gani: likita, lauya, injiniya, aikin jinya. Sai wata yarinya da ba ta cika magana ba ta rubuta cewa ita fannin tsara cikin gini take so. Da muka kai labarin ɗakin malamai sai aka fashe da dariya. Wani abokin aikinmu har da riƙe ciki, ya ce, “Wato yanzu Malam, uba zai sayar da geronsa da bisashensa, shekara huɗu cur, don ɗiyarsa ta komo da digirin jere? Ai gwaggonta ta iya, ko firamare ba ta yi ba!” Mu ma, don kada mu yi ƙarya, mun murmusa. Maganar ta koma aji, kamar yadda maganar ɗakin malamai ta saba komawa. Kashegari yarinyar ta zo ta karɓi takardarta, ta soke abin da ta rubuta, ta sa aikin jinya.

Wannan dariya ce ta sa muka ɗauki alƙalami, domin mun zauna mun auna ta, mun tarar ba komai a cikinta sai rashin sani, wanda Hausawa suka ce ya fi dare duhu. Kuma ba a ɗakin malamai kaɗai ake yin ta ba. Ana yin ta a majalisu, ana yin ta a gidaje, har ma a tsakaninmu mu da muke kiran kanmu marubuta.

Da farko dai, mene ne wannan karatu? Mai dariya ya ɗauka rataya labule ne da zaɓen launin kushin. To, ba haka ba ne. Ɗalibin wannan fanni yana koyon zane da awo, da hannu da kuma kwamfuta. Yana koyon ma'aunin jikin ɗan Adam, don ya san tsayin da kujera za ta yi ba ta kashe wa yaro baya ba, da faɗin da ƙofa za ta yi keken gurgu ya wuce. Yana koyon yadda haske da iska da sauti suke yawo a cikin ɗaki, da halin katako da ƙasa da siminti da fenti, da ta inda mutane za su fita in gobara ta tashi, da lissafin abin da aiki zai ci. Kuma ba a ƙasashen Turawa kawai ake yin sa ba. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhajar jami'o'in Nijeriya, inda ta rarraba fannin zanen gine-gine zuwa rassa, ta ware tsara cikin gini a matsayin digiri mai zaman kansa, haka ma ƙirar kayan ɗaki. Tun kafin nan, a shekarar 2007, masu wannan sana'a suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa mai suna IDAN, wadda ta kafa ta kuwa, Titi Ogufere, ta kai har ga shugabancin ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya. Wato a lokacin da muke nan muna dariya, wasu sun yi nisa suna cin abinci.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, ilmin da muke yi wa dariya namu ne tun asali. Mu tambayi kanmu: wa ya koya wa maginin Hausa ya sa zaure a gaba, sannan ya karkatar da ƙofar shigifa yadda baƙon da ke zaune ba zai hango tsakar gida ba? Wannan ai tsari ne, kuma tsari ne mai amsa buƙatar addini da kunya. Wa ya koya masa cewa azarar giginya ba ta jin tsoron gara, amma in an shimfiɗa ta fiye da kamar ƙafa shida za ta lanƙwashe da nauyin ƙasa, don haka in ana son soro mai faɗi sai a ɗaure bakan gizo? Wa ya koya masa kaurara bango da ƙanƙanta taga, har ɗaki ya yi sanyi da rana tsaka a watan bazara, ya yi ɗumi da dare a lokacin hunturu? Duk wanda ya ga hoton cikin tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya san cewa mutumin nan ba bango kawai ya tayar ba, cikin ginin ya tsara, har masana daga Turai suka riƙa zuwa suna aunawa.

Ita kuwa gwaggon da aka yi wa shaguɓe, bari mu ba ta haƙƙinta. Matan da suka yi daɓe da tsakuwa da ruwan makuba har ƙasa ta yi santsi kamar tangaran, suka shafe bango da farar ƙasa, suka jera ƙorai da fayafai, daga baya tasoshi da kwalla da samira, babba a ƙasa ƙarami a bisa, launi na amsa launi, sun san abin da suke yi. Jere ba ado ba ne kurum. Shi ne bankin mace, a nan take adana dukiyarta, ranar da ta ɓaci ta zare tasa ɗaya ta kai kasuwa. Abokin aikinmu ya yi gaskiya da ya ce gwaggo ta iya. Inda ya kuskure shi ne da ya ɗauka abin da gwaggo ta iya bai isa a karanta shi a jami'a ba. Ungozoma ma ai ta iya karɓar haihuwa, amma ba mu ji wanda ya ce a rufe makarantar ungozomomi ba.

To, yau ina muka tsaya? Mun saki na hannu, mun kama na guje. Ajin da muke koyarwa a ciki rufin kwano ne ba silin, tagoginsa suna kallon yamma, a watan Afrilu kuwa zafi a ƙasar nan yana haura digiri 40. Daga sha biyun rana babu sauran karatu, sai fifita da littafi da gyangyaɗi, mu kuma mu ɗauki bulala mu ce yara sun lalace. Allo yana daura da taga, haske na dukan sa, na kujerar baya ba ya ganin komai. Wannan ba ƙaddara ba ce, rashin mai tsarawa ne.

Mu leƙa ɗakin amarya. Uba ya ci bashi, ya jinginar da gona, an ɗauko gado da kabad da kujeru daga Gusau ko Kano ba tare da an auna ɗakin ba. Ran jere sai a tarar kabad ya toshe taga ɗaya tilo, gado ya cinye rabin ɗaki, ba wurin shimfiɗa abin salla. A ɗakin nan yarinya za ta yi goyon ciki, a nan za ta yi jego. Mu leƙa madafa, inda uwayenmu da matanmu suke wuni cikin hayaƙin itace ba mafita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a duniya. Shin wanda ya san inda za a huda bango hayaƙi ya fita, ba rai yake ceto ba? Sannan mu dubi 'yan'uwanmu da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Shinkafi da Zurmi, waɗanda muka gani da idonmu sun cunkushe a kangaye da gidajen dangi, uwa da uba da balagaggun 'ya'ya a ɗaki guda. Yadda za a raba ɗaki ɗaya da zana ko asabari, kowa ya sami sutura, iska kuma ba ta yanke ba, wannan ma aikin mai tsara ciki ne, ko da ba a nuna shi a mujallun masu kuɗi.

Mun san abin da za a ce mana, kuma ba mu raina shi ba. Za a ce jihar da ke neman likitoci ido rufe, wadda a shekarar 2021 sai da aka rufe kasuwanninta na mako aka yanke layukan waya saboda rashin tsaro, ina ta ga ta adon ɗaki? Za a ce in yarinya ta gama, wa zai ɗauke ta aiki? Amsarmu ita ce: ba mu ce kowa ya bar likitanci ba. Cewa muka yi kada a kashe wa mai basirar zane zuciya, a tura ta inda za ta zama ma'aikaciyar jinya mai jin haushin aikinta. Batun aiki kuwa, kowace shekara ana gina asibitoci da masallatai da ofisoshi da shaguna da gidaje a Arewa, kuma ana biyan wani ya tsara cikinsu. Kuɗin nan fita suke yi, sai dai ba aljihun 'ya'yanmu suke shiga ba. Bugu da ƙari, akwai wata kafa da ba mu lura da ita ba: a gidajenmu na kulle, namiji baƙo iyakarsa zaure. Macen da ta yi wannan karatu ita ce za ta shiga har ƙuryar ɗaki, ta zauna da matar gida, ta ji matsalarta.

Amma fa kada masu goyon bayan wannan karatu su yi saurin tafa mana, domin su ma muna da magana da su. In dai digirin zai zama koyon kwafo ɗakunan Dubai da Turkiyya ne, a liƙa gilashi da tayil da silin mai ƙyalƙyali a garin da wutar lantarki take zuwa kamar baƙo, to gara ma dariyar abokin aikinmu. Ɗakin da ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, a Shinkafi tanderu ne. Manhajar nan ta 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Muna kira ga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ta daɗe tana koyar da zanen gine-gine, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, duk wadda za ta buɗe wannan fanni a cikinsu, ta cika wannan gurbi da tubali da azara da makuba da laso da daɓe da jere, ta kuma gayyato tsofaffin magina su tsaya gaban allo. Ita ma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda ke nan a bakin ƙofarmu tun 1983, kiran ya shafe ta.

Wanda yake ganin wannan mafarki ne, ya tsallaka iyaka ya dubi Nijar. A garin Yama na jihar Tawa, wani magini ɗan ƙauye, Falke Barmu, ya gina masallacin ƙasa da ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji kuma, Mariam Kamara, 'yar Nijar da ta yi karatun zanen gine-gine a Amurka, ita da abokiyar aikinta suka mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa, aka kammala a 2018, tare da maginan garin. Ga boko ga gado, babu wanda ya kori wani.

Yanzu sai mu juyo kanmu, 'yan'uwa marubuta, domin laifinmu ya fi na kowa. Mu buɗe littattafanmu na soyayya mu gani. Da zarar an kai amarya, sai marubuci ya ɓata shafi uku yana lissafa kujerun da aka yo oda daga waje, da labulen da ke buɗe kansa, da bene mai hawa uku. In kuwa aka ambaci ɗakin ƙasa, to talauci ake son nunawa, ko gidan muguwar kishiya. Mu da kanmu muka koya wa yara cewa ɗakin kirki sai wanda aka sauke daga jirgi, sannan mu komo muna kukan al'ada ta lalace. Abin kunya kuma, manyan littattafan da aka rubuta a kan ginin Hausa, irin na Moughtin na 1985 da na Dmochowski na 1990, baƙi ne suka rubuta su, da Turanci. Ɗan ƙasa irin Hamman Tukur Sa'ad da ya yi zurfin bincike a kai, shi ma da Turanci ya yi. Ina namu na Hausa, wanda ɗalibar sakandare za ta ɗauka ta karanta? In gobe aka buɗe sashen, da wane littafi za a koyar da kashi talatin ɗin nan?

Lokaci kuwa ba ya jiran mu. Ƙauyukan da ake da sorayen nan ana ta watsewa daga cikinsu, damina tana cinye abin da aka bari. Tsohuwar da ta san daɓe tana zaune a gidan aro a cikin gari, tasoshinta an sayar an ci abinci. Tsohon magini ya koma gadi. Duk wanda ya rasu a cikinsu, ya tafi da abin da ba za a same shi a intanet ba. Saboda haka muna ba kowane reshe na ƙungiyarmu shawara: kowane mamba ya nemi magini ɗaya ko tsohuwa ɗaya, ya zauna da su da littafi da biro, ya rubuta sunayen kaya, da yadda ake haɗa su, da dalilin da ya sa ake yin kowane abu. Mujallar nan ta ware shafi biyu a kowace fitowa don wannan. Mai rubuta labari kuma, in zai kai amarya, ya daure ya kai ta ɗakin da ya san ƙamshinsa.

Ita kuwa ɗalibarmu, mun kira ta mun ba ta haƙuri, mun ce ta sake tunani. Ba ta ce komai ba, ta dai sunkuyar da kai. Ko za ta komo kan ra'ayinta ko ba za ta komo ba, wannan yana hannun Allah, amma mun san wanda ya karya mata gwiwa, kuma da mu a ciki. Tun ran gini ran zane, in ji Hausawa. Muna roƙon malamai da iyaye, in yaro ya zo da buri irin wannan, a tambaye shi tukuna kafin a yi dariya. Wanda kuma yake ganin mun yi kuskure, ga fili ga mai doki, shafukan mujallar nan a buɗe suke. Allah ya sa mu dace, amin.