Alkawarin Abuja da Jinin 'Ya'yanmu

Lokacin kasafin kuɗi ya sake kewayowa, kuma tun daga 2001, shekarar da shugabannin Afirka suka hallara a Abuja suka yi alkawarin ware wa kiwon lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, gwamnatin tarayya, wadda a gidanta aka ƙulla wannan alkawari, ba ta taɓa cika shi ba. Mun gaji da tunatarwa, amma wajibi ne mu maimaita, domin cikin masu biyan diyyar wannan sakaci akwai ƙananan yaran da ƙwayar Salmonela, 'yar'uwar mai kawo taifot, ke shiga jininsu ta halaka su.

Masana sun ƙiyasta cewa a 2017 cutar ta kama mutum wajen 535,000 a duniya, ta kashe kimanin 77,500, akasarinsu a Afirka, kuma ta fi afka wa wanda zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, ko mai tamowa, ko mai amosanin jini, ko mai ƙanjamau, waɗanda duk ba baƙi ba ne a Kano, inda bincike ya tabbatar da ita a jinin yara. Sau da yawa ba ta zuwa da gudawa, sai zafin jiki kurum. Uwa ta kai yaro kemis a ba shi maganin zazzaɓi, kwana uku jiki bai sauka ba, tafin hannunsa ya yi fari fat, a yi masa gwajin Widal, wanda aka ƙirƙiro tun 1896 kuma ba ya nuna wannan cuta, a ce taifot ne, a rubuta maganin da ƙwayar ta daɗe da daina jin tsoronsa. Hujja ɗaya tak ita ce a ɗebi jini a kwalba a rena ƙwayar a ɗakin gwaji, a ga maganin da ke cin ta. Wannan muke nema a kowane babban asibitin jiha.

Akwai masu cewa a yi haƙuri rigakafi na tafe, kuma gaskiya ne ana gwada ɗaya da cibiyar GSK ta Siena a Italiya ta haɗa, da wani na Jami'ar Maryland tare da kamfanin Bharat na Indiya. Sai dai har yau babu wanda aka ba lasisi, kuma ƙasar da ba ta ƙidaya majinyatanta ba, da wace hujja za ta nemi kasonta ranar rabo? Allurar taifot ma, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, Laberiya da Zimbabuwe sun fara yi wa yaransu tun 2021, Malawi ta bi a 2023. Ba mu kuma manta da abin da gwajin maganin Trovan ya bari a Kano a 1996 ba, don haka duk gwajin da za a kawo, a yi shi a fili, da iznin iyaye da sanin malamai da sarakuna.

Rayukan talakawa amana ce a wuyan masu mulki, kuma za a tambaye su a kanta gobe kiyama. Muna kira ga 'yan majalisa kada su amince da kasafin da babu kuɗin kwalaben gwajin jini, da wutar da za ta riƙe na'ura, da albashin ma'aikacin ɗakin gwaji a cikinsa.