Fatalwar Athens da Kaburbura Marasa Suna

A garin Athens na jihar Ohio a Amurka, mazaunin Jami'ar Ohio tun 1804, ɗalibai ba sa gajiya da labarin fatalwa. An fi jingina labaran ga The Ridges, tsohon asibitin masu taɓin hankali da aka buɗe a 1874, aka rufe a 1993.

Abin takaicin yana maƙabartun asibitin, inda ɗaruruwan kaburbura ke ɗauke da lamba kawai, babu suna. Mamatan nan 'ya'yan wasu ne, iyayen wasu, har da tsofaffin sojojin yaƙin basasar Amurka.

Ya kamata jami'ar da hukumomin jihar su ƙara himma wajen zaƙulo sunayensu, a rubuta a kan kowane kabari, a kuma koya wa ɗalibai ainihin tarihin wurin.